Raunin Kwaɓi a Sabon Gini: Tsakanin Ƙaddara, Amana da Lamuni

Kwaɓin da ake ɗora bulo da shi haɗi ne na siminti da yashi da ruwa, kuma kaurinsa tsakanin bulo da bulo ba ya wuce yatsa ɗaya ko biyu. Duk da ƙanƙantarsa, shi ke ɗaure bango, shi ke rarraba nauyin rufi a kan kowane sahu, shi kuma ke toshe wa ruwa hanya. Da zarar an yi filasta an shafa fenti, babu mai sake ganinsa. Mai gida yana iya auna faɗin ɗaki, ya ƙirga kwanon rufi, ya duba ƙofa da taga, amma ba shi da hanyar sanin yawan simintin da aka zuba a kwaɓin ranar da ba ya wurin. Daga nan tambayoyin addini suke tasowa. Idan rauni ya bayyana bayan an tare, wa zai ɗauki asarar? Shin wanda ya binciki aikin magini ya munana wa ɗan'uwansa Musulmi zato? Idan kuma bango ya faɗi aka ce ƙaddara ce, maganar ta ƙare ke nan?

Birnin Sakkwato, wanda Muhammadu Bello ya kafa a 1809, da ƙasa aka gina shi. Magina suna cuɗa jar ƙasa da ciyawa, su yi tubali, su yi rufi da azara, su kare bango da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa. Sana'a ce mai daraja da gado, har tana da sarautarta ta Sarkin Magina a garuruwan Hausa. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya iso Sakkwato a 1824, ya tarar ana gina wani masallaci da kuɗin Waziri Giɗaɗo, babban maginin kuwa mutumin Zazzau ne. Abin lura a ginin ƙasa shi ne aibinsa ba ya daɗewa a ɓoye. Damina ɗaya ta isa ta tona shi, kuma kowane magidanci ya san ƙasa mai kyau da marar kyau, domin duk shekara yana yin yaɓe kafin ruwa ya sauka. Mai gida da magini kusan iliminsu ɗaya ne a kan kayan aikin.

Siminti ya sauya wannan. Kamfanin simintin da ke Kalambaina ya fara aiki a 1967, kuma a yau sababbin gidajen Arkilla, Mabera, Gidan Igwai, Dambuwa da Bado kusan duk na bulo ne. Ginin ya fi na ƙasa jure ruwa, amma ya zo da gibi tsakanin mai biya da mai aiki: ɗaya ya san abin da ya zuba, ɗaya kuwa sai abin da aka gaya masa. Kwaɓi mai rauni yana iya shekara biyu ko uku a bayan filasta ba tare da ya nuna kansa ba, lokacin da an daɗe da biyan kuɗi an watse.

Abubuwan da ke raunana kwaɓi sanannu ne. Na farko shi ne awo. Haɗin da aka saba ba da shawararsa wajen ɗora bulo shi ne kaso 1 na siminti da kaso 6 na yashi. A wurin aiki da kwanon sarki ake awo: buhu mai kilo 50 yana cika kwano biyu, don haka yashinsa kwano 12 ne, wato kimanin baro uku. Idan lebura ya ƙara baro ɗaya a kan kowane buhu, launin kwaɓin ba zai sauya sosai ba, birkila zai ɗauka da cokalinsa ya shimfiɗa kamar kullum, amma haɗin ya koma 1 da 8. Idan aka ƙara biyu ya koma 1 da 10. Buhunan da aka rage ta wannan hanya ko dai su fita ta bayan gida a sayar, ko kuma su zama ragin da mai gida ya nema da bakinsa. Na biyu shi ne yashin kansa. Wanda aka ɗebo daga bakin gulbi da laka a jikinsa ba ya barin siminti ya kama ƙwayarsa. Na uku tsohon siminti ne da ya sha danshi a shago har ya fara dunƙulewa.

Na huɗu shi ne ruwa, kuma a Sakkwato shi ya fi cutarwa. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba. Yana ƙarfafa ne ta hanyar haɗuwa da ruwa a hankali, kwanaki a jere, shi ya sa ake auna cikakken ƙarfinsa a kwana na 28, a kwana na 7 kuwa yakan kai kusan kashi biyu cikin uku. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, a hunturu kuma busasshiyar iska tana zuƙe danshi. Idan aka ɗora kwaɓi a kan busasshen bulo mai zafi, bulon zai tsotse ruwansa kafin ya kama. Idan aka yi kwaɓi mai yawa da safe ya fara sandarewa, aka sake zuba masa ruwa da rana aka cuɗa, ya riga ya yi asarar wani ɓangare na ƙarfinsa. Idan kuma ba a ba bango ruwa safe da yamma na tsawon mako guda ba, to ko da awon ya cika, sakamakon zai yi kama da na wanda aka yi wa ha'inci. A unguwannin da ake sayen ruwa a jarka daga 'yan garuwa, ban ruwa shi ne abu na farko da ake tsallakewa. Wannan yana da muhimmanci a wajen hukunci, domin rauni iri ɗaya yana iya fitowa daga sata, ko sakaci, ko jahilci, ko rowar mai gida, kuma kowanne da matsayinsa.

Ba kowace tsaga ce ke nuna raunin kwaɓi ba. Siririyar tsaga a fuskar filasta sau da yawa daga saurin bushewa take. Wadda ke bin gaɓoɓin bulo kamar matakala takan nuna harsashi ne ya zauna, musamman a ƙasar fadama mai kumbura da damina ta tsuke da rani. Masana gini ma ba sa son kwaɓi ya fi bulo ƙarfi nesa, domin idan bango ya motsa gara tsagar ta bi gaɓa, wadda ake iya gyarawa, da ta ratsa bulon.

Gwaji iri biyu ne. Akwai wanda kowa zai iya. A sa yashi a kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa, a ɗan sa gishiri, a girgiza a ajiye sa'o'i kaɗan. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa, kuma idan kaurin lakar ya yi yawa a kan na yashin to ba na gini ba ne sai an wanke. A karce gaɓar bango da ƙusa bayan ta yi wata guda: kwaɓi mai kyau farin layi kawai zai nuna, marar kyau kuwa zai zubo kamar gari, wani ma da farce ake iya tone shi. Irin wannan gwaji alama yake bayarwa, ba ya yanke hukunci. Na biyun shi ne na ɗakin gwaji. Ana matse bulo a na'ura har ya fashe a karanta nauyin da ya ɗauka, kuma ƙa'idar NIS 87 ta hukumar kula da ingancin kaya, wato SON, ta sa mafi ƙarancin ƙarfi ya zama 2.5 na niyuton a kan kowace murabba'in milimita ga bulon da ba ya ɗaukar nauyi, 3.45 ga mai ɗauka. Shi kuma kwaɓin da ya riga ya daskare ana ɓanɓaro shi daga wurare daban-daban, a niƙa, a narkar da sinadari a gano kason simintin da ke ciki. Wajibi ne a ɗebi samfurin a gaban ɓangarorin biyu, kuma daga wurare da yawa, domin a gida ɗaya ana iya samun bangon da aka yi ranar da mai gida ke tsaye da wanda aka yi ranar da ya yi tafiya.

Mutane da yawa suna jin nauyin yin ko da gwajin kwalba. Birkilan sau da yawa maƙwabci ne ko ɗan'uwa, ko wani dattijo ne ya haɗa su, kuma Alƙur'ani a Suratul Hujurati ya yi hani ga yawan zato da bin diddigin mutane. Sai mai gida ya ga cewa tsayawa a kan awo tamkar kiran mutum ɓarawo ne. Wannan fahimta ta haɗa abubuwa biyu da shari'a ta raba. Abin da aka hana shi ne tuhumar zuciyar mutum ba tare da dalili ba, da tono asirinsa. Duba kayan ciniki kuwa haƙƙin mai saye ne. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya nuna masa cewa kamata ya yi ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barranta daga mai yin algus. Malamai sukan kawo hadisin domin haramcin algus, amma akwai wani darasi a farkonsa: ba a tsaya a kan abin da ke sama ba, an sa hannu ciki. Kuma uzurin mai kayan gaskiya ne, ruwa ne ya jiƙa abincin, amma hakan bai wanke shi ba, domin laifin yana wajen ɓoyewa.

A kan wannan tushe aka gina aikin muhtasibi, mai sa ido a kasuwa da sana'o'i. Ibn Abdun, wanda ya rubuta littafin hisba a birnin Ishbiliya ta Andalus a farkon ƙarni na 12, ya nemi a ajiye ma'aunin tubali na katako a matsayin mizani domin a riƙa gwada na masu bugawa da shi. A ƙasar Hausa ma Clapperton ya ba da labarin cewa a kasuwar Kano ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin tufa, ta yadda idan aka kai shi Barno aka kwance aka tarar bai kai yadda aka faɗa ba, za a mayar da shi a karɓi kuɗi. Al'ummar da ta yi wannan tsari ba ta ɗauki bincike a matsayin cin fuska ba. Kuma wanda ya fi cin moriyar gwaji shi ne magini mai gaskiya. Inda ba a gwadawa, mai cika awo da mai ragewa farashinsu ake kwatantawa kawai, kuma mai ragewa ne kullum zai fi araha ya karɓe aikin.

Sai batun ƙaddara. Idan katanga ta faɗi da ruwan Agusta, abin da ake fara ji shi ne haka Allah ya so. Maganar gaskiya ce, kuma tana sanyaya zuciyar wanda abin ya shafa. Matsalar tana zuwa ne idan wanda ya jawo ɓarnar ya ɗauke ta ya yi garkuwa da ita. Aƙidar da ake karantarwa a makarantun zaure na Sakkwato ta tabbatar da cewa komai da hukuncin Allah yake faruwa, ta kuma tabbatar da cewa bawa yana da aikin da ya zaɓa wanda za a tambaye shi a kansa. Da ƙaddara tana kawar da alhaki, da babu diyya a kan kisan kuskure, alhali Alƙur'ani ya wajabta ta. Lokacin da Halifa Umar ya fasa shiga Sham saboda annoba aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, amsarsa ta nuna cewa ɗaukar mataki shi ma cikin ƙaddarar yake. Fiƙihu ya ware abin da ya zo daga sama ba da hannun kowa ba, kamar ambaliyar da ba a saba gani ba, daga abin da ya faru saboda ƙetare iyaka ko sakaci. Ruwan damina na yau da kullum ba ya cikin kashi na farko, domin saboda shi aka yi bangon. Katangar da ta kasa jure abin da katangun maƙwabta suka jure, da wuya a ɗora laifinta a kan ruwa.

Kafin a ce wa zai biya, sai an san irin yarjejeniyar da aka ƙulla. A Sakkwato an fi yin uku. Akwai aikin yini, inda mai gida ke sayen kaya yana biyan birkila da leburori kullum. Akwai jinga, inda ake yin tsada a kan aikin hannu gaba ɗaya, ko a kan kowane bulo da aka ɗora, kayan kuma na mai gida. Akwai kwangila, inda ɗan kwangila ke kawo kaya da ma'aikata ya miƙa makulli. Mazhabar Malikiyya ta halatta na ukun. A littafin Mudawwana an yarda mutum ya ɗauki magini a kan tubali da farar ƙasa su fito daga wajen maginin, wato ciniki da ijara a ƙulli ɗaya.

Sanannen hukuncin Malikiyya, wanda ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, shi ne masu sana'a suna lamunin kayan da aka ba su suka tafi da su inda mai kaya ba ya gani, kamar maɗinki da marini. An kafa shi ne a kan maslaha, domin in ba haka ba kayan mutane za su riƙa salwanta. Magini bai shiga wannan hukunci kai tsaye ba, saboda a filin mai gida yake aiki. Asalinsa amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai an tabbatar ya ƙetare iyaka, ko ya yi sakaci, ko ya yi yaudara. To amma waɗannan ukun su ne ainihin abin da ke raunana kwaɓi. Wanda aka ba buhu 100 ya zuba 80 ya ci amana, zai biya buhu 20 da kuma ɓarnar da ragin ya jawo. Wanda aka yi jinga da shi a kan kowane bulo, ya yi ta gaggawa yana sake jiƙa kwaɓin da ya sandare, ya yi sakaci a kan abin da 'yan sana'arsa suka san kuskure ne. Wanda ya karɓi aikin bene alhali bai taɓa wuce katanga ba ya yi yaudara da da'awar gwaninta. Ɗan kwangila kuwa nauyinsa ya fi na kowa, domin shi mai sayarwa ne kuma ma'aikaci, kuma ba zai kuɓuta da cewa leburori ne suka yi ba, tunda shi ya ɗauke su.

Inda ba a ambaci awo a yarjejeniya ba, al'adar sana'a ce ke cike gurbin. Abin da magina na gari suka sani a matsayin aiki mai kyau yana zama kamar sharaɗin da aka furta.

Wanda ya sayi gida ginanne hukuncinsa na ƙarƙashin babin mayar da kaya saboda aibi. Malikiyya sun ba gidaje da filaye kulawa ta musamman, domin mayar da gida ba kamar mayar da riga ba ne. Ibn Asim na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1426, a cikin Tuhfatul Hukkam da alƙalan Arewa ke aiki da ita har yau, ya kasa aibin gida uku: ƙarami wanda ba ya rage daraja, babu komai a kansa, matsakaici wanda ke rage abin da bai kai sulusi ba, mai saye zai riƙe gidan a mayar masa da gwargwadon ragin, da babba wanda ya kai sulusi, yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Muhtasar na Halilu ya ba da misali da tsagar bango wadda ba a tsoron gidan ya rushe saboda ita, ya sa ta a matsakaici. Ya kuma nuna cewa ci gaba da zama a gidan yayin da ake shari'a ba ya zama alamar an yarda da aibin, wanda sauƙi ne babba ga mai iyali da ba shi da wurin komawa.

Akwai wata mas'ala da mai sayarwa zai iya kamawa. A Muhtasar an ce aibin da ba a iya gani sai an fasa abin, kamar ƙwaro a cikin itace ko ɗacin kokwamba, ba a mayar da kaya saboda shi. Kwaɓin da ke bayan filasta shi ma ba a ganinsa sai an fasa. Sai dai dalilin wancan hukunci shi ne mai saye da mai sayarwa duk ba su sani ba, kuma ba ɗayansu ne ya sa aibin ba. Wanda ya gina gida domin sayarwa, ya tsaya aka rage siminti, sannan ya sa aka yi filasta mai santsi da fenti mai ƙyalli, ya san abin da ke ciki. Matsayinsa na mai ɓoye aibi ne, kuma cewa an sayar a yadda aka gani ba ya kare mutum daga aibin da ya sani ya yi shiru. Wanda ya gaji gida ko ya saya daga wani ya sake sayarwa ba tare da sani ba, shi hukuncinsa ya fi sauƙi.

Hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musa. A rikicin gini wannan ƙa'ida za ta iya zama tarko, domin mai gida ba shi da shaidun da suka ƙirga kwanon yashi, maginin kuma zai iya rantsewa. Fiƙihu ya toshe wannan da maganar masana sana'a. Ibn al-Rami, magini ne a Tunis a ƙarni na 14, alƙalai suna aika shi ya duba bangon da ake jayayya a kai, kuma daga wannan aiki ya rubuta littafinsa al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. A Daular Usmaniyya alƙalin Gwandu, Idirisu ɗan Halidu, ya tattara mas'alolin shari'a a 1836, ciki har da na bango da haƙƙin maƙwabta. Injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, ko magini mai rajista da hukumar magina ta CORBON, tare da sakamakon ɗakin gwaji, su ne ke kan matsayin masana sana'a a yau. Aikinsu amsa tambayoyi ne guda uku da alƙali ba zai iya amsawa daga kan kujera ba: akwai aibin, ya girmi miƙa gidan ko daga baya ya faru, kuma nawa ya rage.

Adalci yana buƙatar a faɗi rabon mai gida. Sau da yawa shi ke cewa a lallaɓa buhu goma su kai linta, shi ke zuwa ya sayo bulo mafi araha, shi ke hana kuɗin ruwa, shi ke jinkirta biyan leburori har zuciyarsu ta fita daga aikin, alhali jinkirin mai hali wajen biyan haƙƙi zalunci ne a shari'a. Wanda ya ba da umarnin ragi bayan an gargaɗe shi ba shi da bakin neman diyya a kan sakamakon. Amma wannan bai wanke maginin gaba ɗaya ba. Shi ne mai ilimin, kuma nasiha wajibi ce a kansa. Idan ragin ya kai inda rayuka za su shiga haɗari, yardar mai gida ba ta halatta masa aikin ba, domin matan gidan da yara da 'yan haya ba a nemi yardarsu ba. Abin da ya dace da shi a nan shi ne ya ajiye cokali.

Yawancin irin wannan rikici ba ya kaiwa kotu. Ana fara shi a gaban wanda ya haɗa su, ko shugabannin ƙungiyar magina, ko mai unguwa da limami, kuma sulhu abin so ne a Musulunci matuƙar bai halatta haram ba. Rauninsa shi ne yakan zama a yi haƙuri a raba asara biyu ba tare da an san girman aibin ba. Sulhun da aka yi bayan gwaji ya fi ɗorewa, domin kowa ya san abin da ya yafe. Gyaran kuma gwargwadon aibin ne: idan raunin a fuska yake ana tone gaɓoɓi a sake cikawa da kwaɓi mai kyau, idan ya ratsa bangon da ke ɗauke da nauyi sai a tokare rufi a rushe a sake. Idan sulhu ya ci tura akwai kotunan shari'a da babbar kotun jiha, ga kuma dokar sasanci ta tarayya ta 2023 ga waɗanda suka rubuta hakan a yarjejeniyarsu.

Rubutun shi ne abin da aka fi rasawa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma kwangilar gini cike take da bashi ta ɓangarorin biyu: kuɗi a kan ɗaya, aiki a kan ɗaya. Takarda guda da ta ambaci awon kwaɓi, irin bulo, wanda zai ba da ruwa da kwana nawa, da matakan biya, tana kashe rabin gardama. Manyan kwangiloli a Najeriya sukan riƙe wani kaso na kuɗin, sau da yawa 5 cikin 100, na tsawon wata shida ko shekara bayan miƙa gini, domin gyaran abin da ya bayyana. Dokar Faransa tun daga 1804 ta ɗora wa magini alhakin manyan aibobi na shekara 10. A Ingila sababbin gidaje suna zuwa da garanti na shekara 10, amma duk da haka a 2018 BBC ta ba da rahoton ɗaruruwan sababbin gidaje da kwaɓinsu ke marmashewa, abin da ke nuna matsalar ba ta talauci kaɗai ba ce. Babu abin da ya hana Musulmi biyu su sanya irin wannan wa'adi a tsakaninsu, tunda cika sharaɗin da aka amince da shi wajibi ne.

Akwai haƙƙin da sulhu ba ya kaiwa gare shi. Mai gida yana iya yafe wa magini kuɗinsa, kuma yana da lada a kan hakan, amma ba shi da ikon yafe haƙƙin mai wucewa ta gindin katangarsa ko maƙwabcin da ɗakinsa ke jingine da ita. Malikiyya sun yi magana a kan bangon da ya karkata: idan aka gargaɗi mai shi, ya sami lokacin da zai iya gyarawa bai yi ba, sannan bangon ya faɗa wa mutum ko dukiya, to shi ke da lamuni. Saboda haka ranar da gwaji ya tabbatar da rauni mai haɗari, nauyin ya hau kan mai gida ko da shi aka cuta tun farko. Zai tokare bangon ko ya sauke shi, ya sanar da maƙwabta da 'yan haya, sannan ya bi maginin ko ɗan kwangilar da kuɗin da ya kashe.